Tsohuwar Wayar Salula: Haɗarin Riƙe Ta Bayan Kamfani Ya Daina Kula Da Ita

A yau babbar wayar salula, wadda ake shafa gilashinta da yatsa, ta shiga hannun jama'a da yawa a gundumar Madarumfa ta jihar Maradi. Manomin zogale na Jiratawa da ita yake jin farashin kasuwa. Masuncin tabkin Madarumfa da ita yake kiran dillalin kifi. Ɗan ci-rani da ke Kano, ko Legas, ko Agadas, idan ya aiko da kuɗin cefane, ta waya ake samun labarin isowarsu. Da yawa daga cikin waɗannan wayoyi na hannu ne, wato an more su a wani wuri kafin su iso nan. Wasu kuma sun daɗe a hannun masu su. Suna kira, suna ɗaukar hoto, suna kama intanet, saboda haka mai waya yake ganin lafiyarta lau.

Sai dai kowace irin wannan waya tana da wa'adi. Maganin likita ana rubuta ranar lalacewarsa a jikin kwali, kowa ya gani. Wa'adin waya kuwa ba kasafai ake rubuta shi a kwali ba, kuma mai sayarwa ba ya faɗa. Wa'adin shi ne ranar da kamfanin da ya ƙera wayar zai daina aiko mata da gyaran tsaro. Daga wannan rana wayar za ta ci gaba da aiki kamar jiya, amma kariyarta za ta dinga raguwa wata bayan wata, mai ita bai sani ba.

Waya tana da jiki, tana da manhaja

Jikin waya shi ne abin da ido ke gani: gilashi, da batir, da kyamara, da lasifika. Idan ɗaya ya lalace, mai gyaran waya yana iya canza shi. Manhaja kuwa rubutaccen umarni ne da ke cikin waya, wanda ke gaya mata abin da za ta yi idan aka taɓa nan ko can. Ba a ganin ta, ba a taɓa ta, amma in babu ita waya ba ta da bambanci da dutse.

Akwai babbar manhaja, akwai ƙanana. Babbar ita ce ke tafiyar da wayar baki ɗaya. A mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a, irin su Tecno, da itel, da Infinix, da Samsung, sunanta Android, kuma kamfanin Google na Amurka ne ke kula da ita. Wayar farko mai Android ta fito a 2008. Wayoyin iPhone na kamfanin Apple suna da tasu daban, mai suna iOS. Ƙananan manhajoji su ne irin su WhatsApp, da Facebook, da TikTok, da manhajojin aika kuɗi. Babbar manhaja kamar katangar gida ce, ƙananan kuma kamar ɗakunan da ke ciki. Kulle ɗaki yana da amfani, amma idan katanga ta zube, ɓarawo ya riga ya shigo tsakar gida.

Ɓaraka da faci

Mutane ne ke rubuta manhaja, kuma rubutun ya kai layi miliyoyi. Duk inda ɗan Adam ya yi aiki mai yawa haka, ba a rasa kuskure. Wani kuskuren ba ya cutar da kowa. Wani kuwa ɓaraka ce, wadda mugu zai iya bi ya shiga cikin waya daga nesa, ya karanta saƙonni, ya kwashe hotuna, ko ya ga lambar sirri lokacin da ake buga ta. Masu irin wannan aiki ana kiran su masu kutse. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan aka gano ɓaraka, sai masana su rubuta ɗan gyara da zai toshe ta, a aiko wa waya ta intanet. Wannan gyara shi ne facin tsaro, kamar facin tayar keke. Shi ne saƙon nan da ke fitowa a gilashi lokaci-lokaci, yana neman izinin a sabunta waya, wanda mutane da yawa ke ture shi gefe don gudun kada ya cinye musu mega. A watan Agusta na 2015 Google ya soma fitar da facin Android kowane wata. Amma facin ba ya zuwa kai tsaye daga Google zuwa hannun mai waya. Sai kamfanin da ya ƙera wayar ya karɓa, ya daidaita shi da kowane samfuri nasa, ya gwada, sa'an nan ya aika. Wannan aiki yana cin kuɗi da ma'aikata. Kamfani kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa tun ranar da aka sayi wayar. Shi ya sa bayan ƴan shekaru yake janye hannu daga tsohon samfuri, ya koma kan sabo.

A nan ne babban haɗarin yake, kuma ya kamata mai karatu ya tsaya ya fahimce shi da kyau. Duk lokacin da aka fitar da faci, ana wallafa sanarwa a intanet, a bayyana irin ɓarakar da aka toshe. Ana yin haka domin kamfanoni da masana su san abin da ake ciki. Amma masu kutse su ma sun iya karatu. Suna duba facin, su gane inda ramin yake, su ƙera makamin shiga ta wurin. Waya mai samun faci ta tsira. Wadda aka daina kula da ita kuwa, raminta yana nan buɗe, ga shi kuma yanzu duniya ta san inda yake. Wato ranar da aka ɗinke ɓaraka a sababbin wayoyi, ita ce ranar da aka yi shelarta a kan tsofaffi.

Ka ɗauki misalin rumbu. Rumbun da ake yi wa yaɓe kowace shekara kafin damina yana daɗewa yana tsare hatsi. Wanda aka daina yi wa yaɓe ba ya faɗuwa a shekarar farko. Tsaga ce ke ƙaruwa, yau ɗaya gobe biyu, har ɓera da gara su sami hanya. Haka waya take. Wadda ta shekara 3 ba ta sami faci ba, faci na wata 36 ne ya wuce ta, kuma galibinsu suna ɗauke da gyaran ɓaraka fiye da ɗaya.

Shekara nawa kamfani ke kula da waya?

Amsar ta danganta da kamfani, da kuma tsadar wayar. Wayoyi masu araha galibi shekara 2 ko 3 suke samu, wasu ma ba su kai haka ba. Manyan wayoyi masu tsada sun fi daɗewa. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga wayarsa Pixel 8 da ta fito a 2023. Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a 2024, ya kuma ba wata mai sauƙin kuɗi, Galaxy A16, shekara 6. Wayoyin iPhone sukan sami shekara 5 ko fiye. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun ranar 20 ga Yuni 2025 doka ta tilasta wa kamfanoni su ci gaba da sabunta manhajar sababbin wayoyi har aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin.

Abin lura shi ne, alkawarin kamfani yakan fara ƙirga ne daga lokacin da samfurin ya fito kasuwa, ba daga ranar da kai ka saya ba. A ce waya ta fito a 2019 da alkawarin shekara 3. Wa'adinta ya cika a 2022. Wanda ya saye ta ta hannu a 2024, a Maradi, ko a Jibiya, ko a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ya sayi abin da ya riga ya shekara 2 babu mai kula da shi, ko da gilashinta yana ƙyalli kamar madubi. Hatta waya sabuwa fil a kwali, idan ta daɗe a kanti, wani ɓangare na wa'adinta ya ƙare kafin a buɗe ta.

Abubuwan da suka taɓa faruwa

A watan Yuli na 2015 wani masani mai suna Joshua Drake, na kamfanin tsaro Zimperium, ya bayyana wata ɓaraka a Android da aka sa wa suna Stagefright. An ƙiyasta ta shafi waya kusan miliyan 950. Abin da mugu ke bukata shi ne lambar wayar mutum kawai. Sai ya aiko da saƙon bidiyo na musamman, wanda a wasu wayoyi yana iya fara aiki tun mai waya bai buɗe shi ba. Wannan abu ne ya tayar da hankalin kamfanoni har aka soma facin wata-wata. An toshe ramin a wayoyin da ake kula da su, amma miliyoyin tsofaffi ba su taɓa samun gyaran ba.

A watan Satumba na 2017 kamfanin Armis ya bayyana wata ɓarakar, BlueBorne, wadda ke bi ta Bluetooth, hanyar nan da samari ke tura wa juna waƙoƙi da ita. Idan Bluetooth yana kunne, wanda ke kusa, kamar taku 10 ko 15, yana iya shiga wayar ba tare da an ba shi izini ba. Bayan shekara guda kamfanin ya ce na'urori fiye da biliyan 2 suna nan ba a toshe musu ramin ba. A 2019 kuma an gano wata kafa a WhatsApp, inda kira kawai ya isa a dasa manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus, ko da ba a ɗauki kiran ba. Mutum kusan 1,400 aka hara da ita, cikinsu har da ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Irin wannan makami mai tsada ba a ɓata shi kan talaka, amma ya nuna cewa ana iya shiga waya ba tare da mai ita ya yi kuskuren komai ba.

Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce. A watan Maris na 2020 wata ƙungiyar kare masu saye ta Ingila, mai suna Which?, ta ƙiyasta cewa na'urorin Android fiye da biliyan 1 a duniya sun daina samun facin tsaro.

Yadda abin ke shafar mutanen Madarumfa

Wani zai ce: ni talaka ne, me ɓarawon intanet zai samu a wayata? Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce, mai kutse ba ya zaɓar mutum ɗaya. Koma yake jefawa, kamar masunci a tabki, duk abin da ta kamo nasa ne. Jika ɗaya daga wayar mutum dubu ya zama kuɗi mai yawa, kuma ba kowa zai lura da ɓatan jika ɗaya ba.

Sa'an nan a duba abin da ke cikin wayar. Akwai saƙonnin Airtel Money, ko na Nita, ko na Amana, masu nuna nawa aka aiko da wanda ya aiko. Akwai hoton katin shaidar ɗan ƙasa da aka ɗauka don wata bukata aka manta ba a goge ba. Akwai hotunan iyali, da saƙonnin murya tsakanin miji da mata, da lambobin dangi baki ɗaya. Wanda ya ƙwace WhatsApp ɗin mutum yana iya aika wa ƴan uwansa saƙo da sunansa, ya ce yana kwance a likita, a taimaka masa da kuɗi. A yankin kan iyaka irin namu, daga Ɗan Isa zuwa Gabi, inda aka sha fama da ɓarayin shanu da masu sace mutane don kuɗin fansa, labarin wanda ya sayar da bijimi ko wanda aka aiko wa kuɗi daga waje ba labari ne da ya kamata ya fita ba, ta kowace hanya.

Nauyin ya fi yawa a kan wanda ke riƙe da dukiyar jama'a. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ya samo asali a jihar Maradi a 1991, ya ginu ne a kan amana da akwati mai kwado. Ma'ajiyar ƙungiya, ko sakataren ƙungiyar manoman rani, idan suna karɓar kuɗin mambobi ta waya, to wayar ta zama akwatin, kuma ya kamata a tambayi lafiyar kwadonta kamar yadda ake tambayar na ƙarfe.

Akwai wata hanya da tsufan waya ke jefa mutane cikin haɗari, wadda a ganinmu ta fi duk sauran yawa a nan. Idan babbar manhaja ta tsufa ƙwarai, ƙananan su ma sukan yi ban kwana da ita. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba. A 2025 ya daina aiki a iPhone 5s, da 6, da 6 Plus. A shekarar ce kuma manhajar Chrome, wadda ake buɗe shafukan intanet da ita, ta daina sabuntuwa a Android 8 da 9. To idan haka ta faru, mai waya ba ya jefar da ita. Wurin mai caji ko mai tura fina-finai yake zuwa, a tura masa wata manhaja ta Xender ko ta Bluetooth, irin su GB WhatsApp da ƴan uwanta. Waɗannan ba na kamfanin WhatsApp ba ne. Wasu mutane ne da ba a san su ba suka ɗauki ta asali suka yi mata ƙari, kuma babu wanda ya san duk abin da suka ƙara. A 2021 kamfanin tsaro Kaspersky ya sami muguwar manhaja mai suna Triada ɓoye cikin ɗaya daga cikinsu, FMWhatsApp. Aikin Triada shi ne ta karanta saƙonni, ta cika waya da talla, ta kuma shigar da mutum tsarin biyan kuɗi da bai nema ba. Ga tsohuwar katanga, ga kuma baƙo an shigo da shi da hannu.

Wannan Triada ta taɓa ɓulla a Afirka ta wata hanyar. A watan Agusta na 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun ta a wayoyin Tecno W2 guda 53,000, a ƙasashe irin su Habasha, da Masar, da Ghana, da Kamaru, da Afirka ta Kudu, kuma tun daga kwali ta zo. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai ƙera Tecno, ya ce daga wajen wani mai kawo masa kayan aiki ta shigo, ya kuma ce ya fitar da gyara. Darasin a nan shi ne, gyara ba ya amfanar kowa sai wanda ya sauke shi a wayarsa.

Bambancin tsohuwar Android da sabuwa bai tsaya ga faci ba. Kafin Android 6, duk manhajar da ka sa a waya tana karɓar izinin komai a lokaci guda: lambobi, da saƙonni, da kyamara. Daga Android 6 ne waya ta fara tambayar mai ita kafin ta ba da kowane izini. Daga Android 12 kuma ɗan koren ɗigo yana fitowa a saman gilashi duk lokacin da wata manhaja ke amfani da kyamara ko makirfo. Mai tsohuwar waya ba shi da waɗannan masu gadi.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce: yawancin waɗanda ake cuta ta waya, da baki ake cutar su. Wani ne zai kira ya ce daga kamfani yake, ko ya ce ka ci kyauta, ko ya yi kuskuren turo maka kuɗi, ya nemi ka karanto masa lambobin da suka shigo. Wannan ko sabuwar waya ba ta maganinsa. Abin da tsohuwar waya ke yi shi ne ta ƙara wa ɓarawo ƙofa ta biyu, wadda ba ya bukatar sallama kafin ya shiga.

Yadda za ka san wa'adin wayarka

Aikin minti 2 ne. Idan karatun boko bai nuna ba tukuna, a nemi malamin ajin yaƙi da jahilci ko wani ɗan makaranta amintacce, a yi tare. A nemi hoton ɗan zobe mai haƙora a gilashi. Idan wayar da Faransanci take, sunansa «Paramètres», idan da Ingilishi ne, kamar yawancin waɗanda ke shigowa daga Najeriya, «Settings». A gangara can ƙasa zuwa «À propos du téléphone» ko «About phone». A ciki za a ga «Version d'Android» ko «Android version», da kuma wani layi mai ɗauke da kwanan wata, wanda ke cewa «Mise à jour de sécurité» ko «Security update». Kalmomin sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma kwanan watan yana nan. Shi ne ranar facin ƙarshe da wayar ta samu.

Idan kwanan watan bai wuce wata 6 ba, da alama ana kula da wayar. Idan ya wuce shekara, a je inda ke da intanet mai ƙarfi, a cika batir, a nemi sabuntawa. In ta zo, a karɓa, ko da za ta ci mega. In kuwa waya ta amsa cewa «à jour» take, ko «up to date», alhali kwanan watan na shekarun baya ne, to kada wannan kalma ta rufe wa mutum ido. Ba tana nufin wayar tana da cikakkiyar kariya ba. Tana nufin babu sauran abin da kamfani ya aiko.

Lambar Android ita ma tana nuna shekaru. Android 5 ta fito a 2014, ta 6 a 2015, haka ake tafiya kowace shekara da lamba ɗaya: ta 10 a 2019, ta 12 a 2021, ta 14 a 2023, ta 16 a 2025. A shekarar 2025 Google ya daina fitar da facin wata-wata ga Android 12. Saboda haka wayar da ta tsaya a 12 ko ƙasa da haka, a ɗauke ta a matsayin wadda wa'adinta ya cika.

Wanda ba shi da halin sayen sabuwa

Ba za a ce wa magidanci ya sayar da buhun gero don ya canza waya ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a raba tsohuwar waya da kuɗi. Layin da ake karɓar kuɗi da shi a mayar da shi cikin ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ba ta shiga intanet. Mutane suna raina ta, amma da yake ba a sa mata manhajoji daga waje, ƙofofin shigarta kaɗan ne, kuma ana iya aikawa da karɓar kuɗi da ita ta hanyar buga lambobi. Babbar wayar sai a bar ta ga kallo, da sauraren karatu, da hira. Idan dole ne a yi amfani da manhajar aika kuɗi, a sa ta a wayar da ta fi sabunta a gidan, kuma kada a bar kuɗi mai yawa ya kwana a ciki.

Bayan wannan, a kiyaye abin da ke shiga wayar. Kada a karɓi manhaja daga wayar wani, ko daga kwamfutar mai tura fina-finai, ko daga saƙon da aka yaɗa a zauren WhatsApp. A Play Store kaɗai za a ɗauko ta, kuma a dinga sabunta ta daga can, domin ƙananan manhajoji sukan ci gaba da samun gyara shekaru bayan babbar ta daina. Duk manhajar da ba a amfani da ita a cire ta. Saƙon da ya zo da shuɗin rubutu, yana cewa a taɓa nan a sami mega kyauta, ko tallafi, ko aiki a ƙasar waje, a goge shi, ko da daga aboki ya fito. Bluetooth da Wi-Fi a kashe su idan an gama aiki. A sa wa gilashi lambar kulle, ba 1234 ba, ba shekarar haihuwa ba. A WhatsApp a kunna lambar sirri ta biyu mai lamba 6, wadda ke hana wani ɗaukar asusun ko da ya sami saƙon rajista. Idan za a bar waya wurin caji, a kashe ta tukuna.

Akwai abubuwa biyu da ake zaton suna magani, alhali ba sa yi. Na farko shi ne a kai wa mai gyara ya wanke waya, ya mayar da ita kamar ranar da ta fito. Wannan yana iya fitar da muguwar manhajar da ta shiga daga baya, amma ba ya kawo facin da kamfani bai rubuta ba. Na biyu shi ne manhajar kashe birus. Mai kyau daga cikinsu tana iya kama wasu miyagun manhajoji, amma ba ta iya ɗinke ɓarakar babbar manhaja, kuma wasu masu wannan suna su ne cutar da kanta.

Idan lokacin saye ya zo, kafin a taya, a ce wa mai kanti ya kunna wayar a duba kwanan watan nan. Ƙaramar waya sabuwar fitowa, ko da kyamararta ba ta kai ba, ta fi babbar waya mai suna da ta shekara 6 kariya, kuma sau da yawa kuɗinsu kusan ɗaya ne. Tsohuwar zuma ake magani da ita, amma ban da waya.

Idan ana zargin an shiga waya

Alamun sun haɗa da kuɗin kira ko mega su dinga ƙarewa ba dalili, talla ta dinga faɗowa ko ba a buɗe komai ba, a ga manhajar da ba a sa ba, ko dangi su ce sun sami saƙon da mutum bai aika ba. Zafin waya da saurin mutuwar batir su kaɗai ba hujja ba ne, domin tsohon batir ma yana yin haka. Rashin alama kuma ba shaidar lafiya ba ce.

Wanda ya ga irin wannan ya kashe intanet ɗin wayar nan take, ya cire layi. Ya ɗauki katin shaidarsa ya je ofishin kamfanin waya ko na aika kuɗi mafi kusa, a dakatar da asusun, a canza lambar sirri. Kada a buga sabuwar lambar a cikin wayar da ake zargi. A sanar da dangi da abokan ciniki ta kira, kada su aika kuɗi bisa saƙo. Idan an yi asara, a kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, tare da saƙonnin da lambar da aka yi amfani da ita, domin tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta intanet. 

Wayar da aka gama da ita, kafin a sayar ko a ba wani, a cire layi da katin ajiyar hotuna, a fita daga asusun Google da na WhatsApp, sa'an nan a goge komai ta wurin da aka rubuta «Réinitialiser» ko «Reset» a cikin «Paramètres». Idan a gida za ta zauna, tana iya zama rediyo, ko tocila, ko abin sauraren darasi ga yara, ba layi ba intanet. Batirin da ya kumbura kuwa kada a jefa shi a wuta, ko a rijiya, ko a tabki. A miƙa shi ga mai gyaran waya.